Kafin a Sayi Manhaja, a Fara Ƙirga Sito

Laccar da aka gabatar a Gyallesu, Tudun Wada, Zariya, gaban 'yan kasuwar kayan gyara, makanikai, ma'aikatan sito da ɗalibai

 

  

An ɗora mini magana a kan sana'ar ba da shawara wajen tsara kayan gyara, da manhajojin kwamfuta da ake bin sawun kaya da su tun daga masana'anta har hannun mai saye. Da jin taken, wani zai ce ai wannan zancen manyan kamfanonin mai ne na Legas da Fatakwal, ina ruwan Gyallesu. To, mutum ya taso daga nan ya bi ta Kongo, ya ratsa Tudun Wada, ya tsallake gadar Kubanni ya shiga Sabon Gari, yana ƙirga injinan da ke tsaye. Ga Keke Napep an ɗora shi kan dutse a bakin gareji. Ga janaretan makaranta an lulluɓe da buhu. Ga famfon tuƙa-tuƙa yara sun mayar da shi wurin wasa. Yawancinsu da sauran ransu, jiran wani ɗan ƙarfe ko 'yar roba kawai suke yi, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin injin. Kowace rana da suka yi a tsaye akwai gidan da aka rage cefane.

Maganata ta yau guda ɗaya ce. Manhaja na da amfani, ni ma da ita nake cin abinci. Amma ba ta iya yin komai sai da abin da aka rubuta mata, mu kuwa ba ma rubutawa. Duk wanda ya sayi manhaja kafin ya san abin da ke cikin sitonsa, da kwanakin da kaya ke yi a hanya, da abin da ake tambayarsa yana cewa babu, ya zubar da kuɗinsa.

Bari mu koma 1975, don abubuwa biyu sun faru a shekarar nan da ya kamata duk mai wannan sana'a ya sani. Na farko zancen siminti ne. Kuɗin man fetur sun shigo, hukumomin gwamnatin Janar Yakubu Gowon suka ba da odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawa daga Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kamar tan miliyan ɗaya a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikin wasu, sauran kayan da ƙasa ke buƙata sun rasa ƙofar shigowa. Ban da almundahanar da aka bankaɗo daga baya, babu wanda ya tsaya ya haɗa lissafin abin da aka yi oda da abin da tasha za ta iya ɗauka.

A cikin shekarar dai kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna. Sassan motar daga Faransa suke zuwa, tashar Legas kuma ga halin da take ciki. Sai suka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga birnin Liyon suna sauka a filin jirgin Kano, manyan motoci na kwasa zuwa Kaduna, aka yi shekaru ana haka. Dakon ƙarfe a jirgin sama tsada ce ƙwarai, kowa ya sani. Su dai sun auna sun ga tsayuwar masana'anta da ma'aikatanta ta fi kuɗin jirgi tsada. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, tasha ɗaya: wasu sun yi oda ido rufe, wasu sun yi lissafi.

A wancan zamani muna da Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Inugu, da Volkswagen a Legas. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sassan da suke shigowa da su suka fi ƙarfinsu, yawancinsu suka durƙushe. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da wannan ya yi wa shagon kayan gyara. Dattawan da ke zaune a gaba sun tuna lokacin da 504 ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar asibiti. Mai shago ya haddace kayanta kaf a kansa, bakanike kuma ko cikin duhu ya san inda kowane noti yake. Yau fa? Toyota ƙira ɗaya, shekara ɗaya, amma wadda aka yi don Amurka daban da wadda aka yi don Turai, daban da 'yar Dubai. Babur akwai Bajaj, da TVS, da Jincheng, da Haojue. Janareta da injin ban-ruwa kuwa ba a magana. Kayan da mai shago zai sani sun tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai, ana saro su daga Ƙofar Ruwa a Kano, da Nnewi, da Anacha, da Ladipo a Legas, abin da aka rasa a kai wa maƙeran Panteka a Kaduna su ƙera. Ƙwaƙwalwar Alhaji ba ta ragu ba, kayan ne suka fi ƙarfin kai ɗaya.

Kayan gyara kuma suna da wata ɗabi'a da shinkafa da sukari ba su da ita. Mai sayar da sukari ya san gobe za a saya, jibi ma haka. Mai kayan gyara yana da abin da ke fita kullum, irin su fulogi, da filta, da fambel, da takalmin birki. Yana kuma da abin da zai yi wata huɗu ba a tambaya ba, rana ɗaya mutum uku su zo nema. Idan ka ɗauki cinikin shekara ka raba gida goma sha biyu, lissafi zai ce maka kana sayar da rabin kafireta a wata, abin da bai taɓa faruwa ba. Wani masani mai suna Croston ya fitar da mafita a 1972: a raba tambayar biyu, a auna tsawon lokacin da ke tsakanin buƙata da buƙata daban, a auna yawan da ake ɗauka idan an zo daban. Har yau manyan manhajojin duniya na amfani da wannan dabara da gyare-gyarenta. Tun 1913 ma wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya tsara yadda ake lissafin yawan da ya fi dacewa a saro a lokaci guda. Ilimin ba sabo ba ne, kuma ba ɓoyayye ba ne. Amma kowace dabara daga cikinsu tambayarka take yi: me aka nema, yaushe, guda nawa?

A nan ne nake so mu daɗe. Asara iri biyu ce a wannan kasuwa. Ta farko kowa na ganinta: kaya sun yi kwantai, sun yi ƙura a saman kanta, roba ta bushe ta tsattsage, ƙirar motar ma ta bar hanya, jari ya kwanta. Ta biyu ba a ganinta. Yaron gareji ya zo da gudu da tsohon ƙarfe a hannu, baƙin mai na ɗiga, ya ce, “Alhaji, akwai irin wannan?” Alhaji ya juya shi, ya ce, “Wallahi jiya ya ƙare, duba gaba.” Yaro ya wuce. Da yamma aka buɗe littafi aka rubuta abin da aka sayar, aka ƙirga kuɗi, aka rufe shago. Wannan “babu” ba ta shiga ko'ina ba. Gobe wani yaron ya zo, haka. Ƙarshen wata Alhaji ya tashi sari, ya duba littafi ya ga abin nan bai fita ba ko sau ɗaya, sai ya ce ba ya tafiya, bai saro ba. Littafin ciniki yana nuna abin da kake da shi ne aka saya, ba ya nuna abin da mutane ke buƙata. Idan ka zuba wannan littafi a manhajar da ta fi kowace tsada a duniya, ita ma za ta ce maka kada ka saro.

Don haka shawarar farko da nake ba kowane mai shago ba ta buƙatar wuta ko intanet. A sayi littafi na biyu, a ajiye shi kusa da aljihun tebur, duk abin da aka tambaya aka rasa a rubuta: rana, sunan abu, na wace mota ko wane inji, guda nawa. A yi wata uku ana haka ba fashi. Masu shagon da suka jure suka yi, sukan tarar da cewa 'yan kaya kaɗan ne ke ta maimaita kansu a shafukan, kuma sau da yawa ba masu tsada ba ne. A asibiti ko masana'anta ma akwai irin wannan littafi, sai dai abin da za a rubuta shi ne ranar da inji ya tsaya, abin da ya tsayar da shi, da ranar da ya tashi.

Na biyu, suna. Ku zo mu shiga wani sito na wata ma'aikata, ba sai na faɗi wacce ba, don irinsa na da yawa. A katin kaya za ka ga “boris ƙarami”, saura biyu. A wani katin, “boris na famfo”, babu ko ɗaya, har an rubuta takardar neman a sayo da gaggawa. A can ƙasan kanta kuma ga kwali an rubuta “boris na mota”, guda goma sha ɗaya a cikin ledarsu. Ka goge maiƙon gefen kowanne da tsumma ka kai shi bakin taga, sai ka ga lamba ɗaya ce a jikinsu duka: 6203. Abu guda ne, ramin cikinsa milimita 17, faɗinsa 40, kaurinsa 12, ko a Jamus aka yi shi ko a Japan ko a ƙasar Sin. Famfo ya yi kwanaki a tsaye ana jiran sa hannun manya, maganinsa na kwance taku biyar daga inda aka rubuta takardar. Haruffan da ke bin lambar ma magana suke yi: 2RS murfin roba ne gefe biyu, ZZ murfin ƙarfe, wanda zai zauna cikin ruwa da ƙura kuma na roba yake so. Haka mota take da lambar jikinta mai harafi da lamba 17, tsarin da aka daidaita tun 1981, da ita ake gane ainihin kayan da za su hau ta. Babban rabin aikin mai ba da shawara na gaskiya a nan yake ƙarewa, tsugune a sito da tsumma a hannu, yana ba kowane abu suna ɗaya, lamba ɗaya, mazauni ɗaya, yana ƙirgawa. Aiki ne mai datti da gajiyarwa, ba ya kuma kyau a hoto, shi ya sa ake tsallake shi.

Na uku, kwanakin hanya. Mu ɗauki misali, ku sa lambobinku a madadin nawa. Kana sayar da fulogi huɗu a rana, idan ka yi waya Nnewi kaya kan iso cikin kwana goma. Ke nan ranar da suka rage arba'in ya kamata ka yi oda, ba ranar da kwali ya zama wayam ba. Amma kwana goman nan ba alkawari ba ne. Mota na lalacewa, hanya na rufewa, damina na cin gada. Idan wani lokaci sai an yi kwana goma sha biyar, to ka ƙara ashirin na ko-ta-kwana, ka yi oda idan sun rage sittin. Wannan shi ne zuciyar duk wata manhajar sito: ta riƙe wannan lissafi a kan kaya dubu biyar lokaci guda, ta tashe ka idan lokaci ya yi. Wanda ke shigo da kwantena daga ƙasar Sin kuwa da watanni yake lissafi, kuma abin da ke iya gitta masa ya fi yawa. A watan Maris na 2021 jirgin ruwa ɗaya, Ever Given, ya toshe mashigin Suwez kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi layi. A gida an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, 'yan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi da Jibiya sun san abin da suka gani. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, don kwantena ta riƙa isowa kusa da mu, amma amfaninsu na rataye ne da jirgin ƙasa mai tafiya a kan lokaci.

Akwai kuma kalandarmu, wadda manhajar da aka rubuta a Turai ba ta zo da ita ba. Kayan injin ban-ruwa da rani ake nemansu, na tarakta da injin feshi gab da faɗuwar damina, na injin casa da na sussuka da kaka, na motocin haya kuma kafin sallah da hutun ƙarshen shekara. Ita sallah kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya a kalandar Bature. Idan ba a gaya wa manhaja ba, za ta shirya maka kayan sallah bayan an sauko daga idi.

Sai zancen naira, wanda na san yana ran kowa. A farkon Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutane da yawa sun sayar da kaya da riba a kan farashin da suka saro, suka je sari suka tarar kuɗin duka ba sa sayen rabin abin da suka fitar. A irin wannan yanayi farashin da za ka mayar da kaya shi ne abin dubawa, kuma littafinka ko manhajarka dole ta riƙe farashin biyu. Wasu sun ɗauki darasin a karkace, suka ce to ai tara kaya ya fi tara kuɗi. Gaskiya ne a kan abin da ke tafiya. Abin da ba ya tafiya kuwa, ko farashinsa ya ninka uku a baki, ba ka da mai saye. Ga wanda ya ci bashin banki, a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, kowane kwali da ke kwance yana cin kuɗi yana barci.

Injiniyoyi da ma'aikatan sito na asibitoci da masana'antu, lissafinku ya sha bamban da na mai shago. Shi yana tambaya me ke kawo riba, ku kuna tambaya me zai tsayar da aiki. Akwai abin da shekara biyu ba a taɓa shi ba, mai binciken kuɗi zai ce ɓarna ce, amma ranar da aka neme shi aka rasa, ɗakin tiyata ne zai rufe. Sojojin saman Amurka sun sha wannan matsala, har wani masani, Craig Sherbrooke, ya fitar da tsari a 1968 wanda ya sauya tambayar. Maimakon a auna cikar kanta, a auna jirage nawa ne ke iya tashi yau, a kashe kowace dala a kan abin da zai fi ƙara yawansu, a kuma yanke wane kaya zai zauna a babban sito, wane zai zauna kusa da jirgi. Mu da muke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a garin nan tun 1964 ba baƙin wannan magana ba ne: jirgi na iya kwana a ƙasa saboda abin da za a rufe a tafin hannu. Darasin da za mu ɗauka shi ne haɗa kai. Idan masu injin casar shinkafa biyar suna da inji iri ɗaya, ba sai kowa ya ajiye babban ɓangaren inji mai tsada na ko-ta-kwana ba. Su sayi ɗaya ko biyu tare, su rubuta yarjejeniyar wanda ya ɗauka ya mayar.

Yanzu ga manhaja. Akwai manya irin su SAP na Jamus, akwai irin su Odoo da ERPNext da ake iya farawa da su ba tare da kuɗin lasisi mai nauyi ba, akwai kuma Excel, wanda ya ishi shaguna da yawa shekara da shekaru. Kada girman suna ya ruɗe ku. Kamfanin Target na Amurka ya shiga Kanada a 2013 da sabuwar manhaja babba, aka zuba mata bayanan dubban kaya cikin gaggawa, awo a karkace, lambobi a juye. Rumbunan ajiyarsu suka cika maƙil, kantuna kuma wayam. A Janairun 2015 suka sanar da rufe shagunansu 133. Kamfanin Lidl na Jamus ya yi shekara bakwai yana kafa wata, ya kashe wajen yuro miliyan 500, ya watsar a 2018, saboda yadda suke ƙiyasta kayansu bai dace da yadda aka gina manhajar ba, su kuma ba su yarda su sauya ba. Waɗannan ba su rasa kuɗi ko wuta ko ƙwararru ba.

Mu a nan sai mun ƙara wasu tambayoyi. Tana aiki idan babu intanet? Tana hawa wayar da yaron shago ke riƙe da ita? Idan mai ba da shawara ya tafi, wa za a kira? Ana biyan ta da dala ne duk wata? Idan kun ɓata, za ka iya kwashe bayananka ka tafi da su? Wanda ya kasa amsa waɗannan a fili, ku bar shi da kayansa.

'Yan'uwana masu sana'ar ba da shawara, mu gaya wa kanmu gaskiya. Wanda ya zo da sunan manhaja a bakinsa tun bai ga sito ba, kamar likita ne da ya rubuta magani tun mara lafiya bai zauna ba. Idan kana karɓar kamasho daga masu manhajar, ka faɗa wa mai gida tun farko. Kafin a fara aiki a rubuta ma'auni: cikin masu tambaya goma, nawa ke samu; jari nawa ne ya yi shekara bai motsa ba; inji kwana nawa yake tsayawa a wata. Bayan wata shida a sake aunawa a gaban kowa. Kuma sirrin mai gida amana ce. Ɗan kasuwa na ƙin rubutu ne sau da yawa don tsoron kada abokin hamayya ya san inda yake sari, ko mai haraji ya san cikinsa. Tsoron na da dalili, ba kuma a kawar da shi da surutu, sai da riƙon amana.

Alhazai, ku ma ga taku. Na san shagunan da komai na kan mutum ɗaya: farashi, masu bashi, lambar abokin hulɗa a Nnewi, kwalin da ke bayan ƙofa. Ranar da ya kwanta ciwo, ciniki ya kwanta. Ranar da ta Allah ta kasance, magada su tarar da kaya ba su san sunansu ba, da basussukan da babu shaida, a sayar da dukiyar shekara talatin a farashin gwangwan, zumunci ya lalace a wurin rabon gado. Malamanmu na nan, sun fi ni sani, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu kuma yana kare yaron shago mai gaskiya daga zargi, kamar yadda yake tona mara gaskiya.

Ga hukuma magana ta gajeriya ce. Wani ƙiyasi da aka yi ta ambato tun 2009 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa a Afirka kudu da Sahara ba sa aiki, kuma abin da ke yawan kashe su robobi ne da ƙananan ƙarafa da ke cinyewa. Muna da dokar sayen kayan gwamnati tun 2007, amma har yanzu ana sayen tarakta, da taransifoma, da na'urar asibiti, a yanka ƙyalle, ba a tambayi inda za a samo filtarsu ba. Gwamnatin bana ta sayo ƙira ɗaya, ta baɗi ta sayo wata, sito ya cika da kayan injinan da suka riga suka mutu. Kada a sa hannu a kwangilar inji sai da jerin kayan gyaransa na aƙalla shekara biyu, da littafinsa, da horar da wanda zai kula da shi, da sunan dillalin da ke da kayan a cikin ƙasa. A kuma taƙaita ƙira.

Ƙannena ɗalibai, da ku zan rufe. Garin nan na da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa tun 1986, inda ake koyar da harkar jigilar kaya. Ga sashen Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, ga makarantar horar da malamai a nan Gyallesu, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Kuna koyon lissafi, da akanta, da kwamfuta, kuna gamawa kuna jiran takardar ɗaukar aiki, ga shaguna da gareji da injinan casa a ƙofar gidajenku ba mai riƙe musu lissafi. Kada ku fara da rubuta manhaja. Kowannenku ya nemi shago ɗaya na ɗan'uwa ko maƙwabci, ya yi sallama da ladabi, ya roƙi izinin ƙirga kanta ɗaya kyauta. Ku koyi sunan da makanikai ke kiran kowane abu, ku haɗa shi da lambar da ke jikinsa, ku koyi bambance na asali da jabu da ɗan Beljiyam. Ku buɗe littafin “babu”, ku riƙe shi wata uku, sannan ku zauna da mai shago ku nuna masa abin da ya fito. Idan ya ga kuɗin da ke wuce shi a ƙofa, shi da kansa zai tambaye ku nawa za a biya ku.

Ku kuma alhazai da iyayen gida na gareji, idan yaran nan suka yi muku sallama, ina roƙonku ku ba su kujera da kanta ɗaya.